Hular Lasifikar Baba

Motar Kircho, direba mai kai ma'aikata Jamus, za ta tashi ƙarfe sha biyu. Kujera ɗaya ta rage, kuma tawa ce: aikin ɗaure kaya a wani sito a Jamus, wata tara. Gwaggo Stoyanka, ƙanwar Baba, ta yarda za ta dawo gidanmu ta kula da shi, bayan na gaji da roƙonta.

Shekara uku ke nan da ɓarin jikin Baba na dama ya shanye. Ni ke ɗaga shi, ni ke yi masa wanka da aski. Makaranta dama tun aji tara na bar ta, don haka babu wanda ya ga wani abu da nake rasawa a zaman gida.

Sha ɗaya saura kwata ya buga sandarsa a ƙasa.

"Tsvetan! Zo ka ji rediyon nan. Kuka yake kamar akuya."

Da hannunsa ya haɗa rediyon, lokacin yana aiki a masana'antar garinmu kafin a rufe ta. Ragar gabansa ta daɗe da cirewa, lasifikar tana waje, ba ta fi tafin hannu ba. A tsakiyarta akwai 'yar hular takarda mai tare ƙura. Hular ta lotsa. A cikin lotsawar kuwa ga jan shatin yatsa, na miyar tattasan da na shafa masa a burodi da safe.

"Wa ya taɓa?" na ce.

"Kyanwa."

"Kyanwa mai babban yatsa?"

"Kai ɗan sanda ne ko mai gyara?"

Na kunna. Mai labarai yana ta zuba, murya tas.

"Baba, lafiyarsa ƙalau. Kai ka koya mini lotsawar hula ba ta hana sauti."

"Ka riƙe abin da na koya maka ke nan? To ashe ba asarar burodi na yi ba. Gyara."

Na ɗauko salatif zan liƙa in fizgo.

"Ajiye wannan, ɗan gaggawa! Takarda ce, ba goshinka ba. Ɗora ruwa."

Haka yake koya mini aiki tun ina ƙarami. Na tafasa ruwa, na kara lasifikar a tururi har takardar ta yi laushi. Gwaggo ta miƙo mini bututun kwali na takardar banɗaki, tana cewa, "Shekara saba'in, har yanzu sai an yi masa wasa." Na kifa bakin bututun a kan hular, na sa bakina a ɗaya ɓangaren, na zuƙa a hankali. Shiru. Na sake zuƙa. A ta uku na ji ɗan ƙas. Hular ta taso, sai 'yar tamoji a gefe.

"Kar kowa ya taɓa sai gobe," na ce. "Da danshi."

"Ni za ka gaya wa?"

Hon ɗin mota ya tashi a waje. Kircho ya leƙo ta tagar mota. "Likitan rediyo! Jamus fa ba ta zuwa ɗaukar mutum a gida!"

Na rataya jaka. Gwaggo ta cusa mini banitsa, gasasshen fanke mai cuku, da zafinsa a aljihun jakar. Na juyo zan yi wa Baba sallama, sai na ga hannunsa na hagu ya riga ya kai kan rediyon. Ido cikin ido muke. Bai ko ɓoye ba. Ya danna.

Amma takardar jiƙaƙƙiya ce. Maimakon ta lotsa, sai yatsan ya ɓurma ciki. Mai labarai ya fara kirr, kirr, kamar an sa masa yashi a maƙogwaro.

Baba ya zare yatsan yana kallonsa. Shekara uku wannan akwatin ne abokin hirarsa daga safe har dare, kuma duk garin babu mai gyaran rediyo yanzu.

"Tafi," ya ce, muryarsa ƙasa ƙasa. "Tafi, ɗana. Ni na ɓata. Ka ji suna jira."

Da zagina ya yi, da tuni ina mota.

Na fita. Kircho ya zuge ƙofa. Mutum shida a ciki, da kujerata babu kowa a bakin taga.

"Ba ni minti talatin."

"Minti talatin? Kakata ma da za ta mutu ba ta nemi haka ba. Akwai layi a iyaka, mutumina. Shiga ko matsa."

"Sai na yanko sabuwar hula, in tsame gutsuren da ya faɗa ciki, in liƙa. Gam ɗin kuma sai an riƙe."

Ya dube ni, ya dubi tagar Baba, ya girgiza kai. "Sai bazara ke nan. In da kujera."

Na tsaya har motar ta sha kwana.

A cikin gida Gwaggo ta riga ta ɗaura ɗankwalinta. "Tunda kana nan, bari in je in duba kajina," ta ce.

Na ajiye jakar, na ɗauko almakashi da baƙin kwali. Baba bai dube ni ba. Can ya ce, "Yanka ta ɗan fi tsohuwar faɗi."

"Na sani, Baba."