Tukunyar Makoki a Gidan Kironbala

Munafunci mugun hali ne, ya fi muni kuma a bakin wanda aka amince masa ya shiga kowane gida. Irin wannan ne Nibaron, wanzamin ƙauyenmu.

A shekarar da samarin Bengal suka fara mayar wa Turawa amsa da harsashi, Kironbala ta rasa mijinta. Ɗanta Sotis, mai shekara goma sha tara, yana cikin samarin nan. Ya dawo zaman makoki da ƙaramar bindiga, ya cusa ta cikin rumbun shinkafa. Wanda aka kama da irinta, in bai sha rataya ba, uwarsa ta gama ganinsa. Nibaron ya zo sa ranar askin makoki, idonsa ya faɗa kanta, ya zarce wajen 'yan sanda.

Washegari da hantsi Kironbala ta hango jajayen rawunan 'yan sanda ta bayan gonar ayaba. Lokacin Sotis ya gama cin shinkafar makoki, wadda ɗan mamaci ke dafawa da hannunsa a sabuwar tukunyar ƙasa, in ya ci ya kai tukunyar kogi ya jefar. Ta zaro bindigar ta saka a ciki, ta rufe da ƙanzo da ganye.

"Inna, su biyar ne fa," in ji Sotis.

"Ɗauki. Sunkuyar da kai, ubanka ne ya mutu. Tafiyar maraya za ka yi, ba ta soja ba."

A bakin ƙofa shugaban 'yan sandan ya daka tsawa. "Kai! Mene ne a ciki?"

"Ragowar abincin makoki ne, Yallaɓai," in ji Kironbala. "Sa hannu mana. Sai dai ka yi wanka har da kakinka kafin matarka ta bar ka ka taka ɗakin girki."

Suka dare, kowa na tattare rigarsa kada mai makoki ya goge shi, don a al'adarmu taɓa shi ƙazanta ne. Sotis ya wuce ta tsakiyarsu.

Suka zazzage rumbu, suka farke katifa, babu komai. Da Kironbala ta ga ɗanta ya dawo jiƙe, hannu sake, sai ta zauna a ƙasa tana numfashi, ta nemi ruwan sha.

Nibaron kuwa, shugaban 'yan sanda ya huce haushinsa a kansa, haƙora biyu suka zube. Gida arba'in da yake yi wa aski suka ɗauko wanzami daga hayin kogi. Mai wanki ya daina karɓar kayansa. Dangin da suka nemi auren 'yarsa suka aiko cewa sun fasa.