Zumar Surukar Kaltum

"Na ce ba za a kunna ba! Kaset ɗina ne ko naki?"

"Na Baba ne, Iya."

"To Baban naki wa ya bar wa? Ke da kika zo duniya jiya?"

Hajja Kaltum ta danne kaset ɗin a ƙarƙashin cinya kamar kaza a kan ƙwai. 'Yarta Rahmat, wadda ke aikin jinya, tana tsaye riƙe da tsohuwar rakodar da ta aro wurin Garzali mai gyaran rediyo. A kan kujera kuwa baƙuwa ce, Dakta Khairunnisa, likitar ido daga Pakistan, sai murmushi take yi don ba ta jin Hausa.

Ga yadda abin yake. Marigayi Malam Tahir, mijin Kaltum, mutumin Pakistan ne. Ya zo Maiduguri koyar da lissafi zamanin da ake ɗauko malamai daga waje, ya ga Kaltum a unguwar Limanti, shi ke nan ƙafa ta kafe. Uwarsa can ƙauyensu ba ta karatu, waya kuma sai gidan masu hali. Don haka kaset suke yi. Ta cika fuska ɗaya da magana, a ba wani malami mai dawowa daga hutu. Tahir ya saurara, ya juya, ya cika ɗaya fuskar da amsa, a mayar. Wannan na ƙarƙashin cinya shi ne na ƙarshe. Ya yi amsar, kafin a sami mai tafiya labarin rasuwar tsohuwa ya iso.

Abin da ke cin Kaltum shekara da shekaru shi ne sunanta, don shi kaɗai take ganewa a yarensu. Duk kaset ɗin da ya zo, tsohuwar sai ta yi ta "Kulsum, Kulsum", har da shessheƙar kuka. In ta tambayi Tahir ya ce, "Tana gaishe ki." Gaisuwa ce har a dafa shinkafa a sauke ba ta ƙare ba? Ga kwalbar zuma da habbatussauda da ke biyo kowane kaset, wai nata ne ita kaɗai. Ta sha dai, amma sai da ta sa liman ya tofa.

Tana son ta ji, tana tsoron ta ji. In zagi ne fa? Ga Gambo maƙwabciya, kunnenta ya fi na zomo, katangar kuma ba ta kai kafaɗa ba.

"Iya, jibi Dakta za ta koma ƙasarsu," in ji Rahmat. "Daga nan sai ki je lahira ki tambayi Baba."

"Bakinki ya sari ɗanyen kashi!"

Amma ta ɗaga cinyar.

Rakodar ta yi shuu, sai ga zakara ya yi cara daga wata duniya, sannan muryar tsohuwa siririya. Dakta ta karkata kai, tana faɗa wa Rahmat da Turanci, Rahmat na juyawa. Saniya ta haihu. Rufin ɗaki yana yoyo. Wance ta aurar da 'ya, abincin bai ishi mutane ba. Kaltum ta gyara zama, ta ce a ranta ashe matar ta san daɗin hira.

Sai "Kulsum". Dakta ta dubi Kaltum, ta dubi rakodar, ta rufe baki da gyale.

"Me ta ce? Ke, me ta ce?"

Rahmat ta juyo wurin uwarta. "Ta ce Baba ya yi haƙuri da ke, jarrabawa ce daga Allah. Kada ya ƙaro aure a kanki don lalurarki."

"Wace lalura?"

"Ta ce kowa ta ji muryarsa, har mai sayar da ruwa, ban da ke. Ta gane ba kya magana, ɗanta ne ke ɓoye mata. Zumar nan ta sakin harshe ce."

Kaltum ta buɗe baki, abin mamaki, babu abin da ya fito. Ta tuna. Duk ranar ɗaukar murya Tahir kan turo mata rakodar, ita kuwa ta ja mayafi ta shige kicin. Wace 'yar mutunci ce za ta saki murya gaban uwar miji, tun ba a saya mata baki ba? Kunya ta yi mata irin ta 'yar gidan tarbiyya. Ashe can an ɗauke ta bebiya. Ita, Kaltum, da ko a gidan makoki sai an roƙe ta ta numfasa!

"Juya," ta ce. "In ji abin da shi munafukin ya ce."

Aka juya. Muryar Tahir ta cika ɗakin, Rahmat ta share ido. A bayan muryar kuma, can tsakar gida, wata mace ce ke zazzaga faɗa da Kanuri a kan akuyar Gambo da ta ci mata wake, ba waƙafi ba aya. Dakta ta saurara, kafaɗunta suka fara rawa don dariya, sannan ta faɗa wa Rahmat.

"Baba ya ce," Rahmat ta ciji leɓe, "don girman Allah kada ta sake aiko da zumar. Wai ga sakamakon nan tana ji da kunnenta. Ta yi aiki har ta wuce misali."

Daga bayan katanga wata dariya ta tashi, har da tafi.

"Bebiyar Limanti, ina kwana?" in ji Gambo.

Kaltum ta miƙe, ta ɗaure zani tamau.

"Iya, ina za ki?"

"Zan je in nuna wa mai akuyar nan zumar ba ta sake ni ba!"

Ta fice, ta bugo ƙofar har rakodar ta yi tsalle.