Dodon da Ba Ya Kisa

A shekarar da kowa ke tafiya Legas neman arzikin mai, ni takarda na tsinta. Na sayi kilishi a kasuwar Safana, aka naɗe mini shi da shafi huɗu na wani littafin Turawa. Aji uku na yi a makaranta kafin noma ya janye ni, don haka sai da na yi wata guda ina fama da su. Abin da na gane shi ne wasa ne: kowa ya zaɓi wanda zai zama, jarumi ko mafarauci, mutum ɗaya yana ba da labari, sai a jefa wani abu a ga wa ya yi nasara.

Na dawo garinmu Karare, na ɗora tsohuwar ƙofa kan turmi biyu a gindin tsamiya, na zana daji da gawayi. Abin jifa kuwa ɓawon gyaɗa guda shida, jarumin kowa kuma tsakuwa ce a kan ƙofar. Ni da ake wa laƙabi da Jinjiri, ni ne mai labari, ni ne kuma dodon dajin. Mutum uku na samu da ƙyar: Sada maƙeri, Armaya'u surukina, da Uwaisu Bafillace mai kawo shanu gonata bayan girbi.

Ranar farko dodona ya kai wa jarumin Uwaisu sara. Ɓawo biyar suka faɗi a buɗe. Na duba takarda, na ce, "Uwaisu, ka mutu."

Ya dube ni. "Da bakinka, Jinjiri? Ina zaune lafiya lau, da azahar, ka ce na mutu?"

"Ba kai ba, tsakuwar nan."

"Sunan wa ka kira?"

Ya ɗauki sandarsa ya tafi. Washegari na kashe Sada, matarsa ta aiko a gaya mini in daina yi wa mijinta mugun baki. Ya rage Armaya'u kaɗai, shi ma kunyar 'yar uwarsa Hansai, matata, ta zaunar da shi. In ya tashi, wasana ya ƙare, kuma ban taɓa son wani abu kamarsa ba.

Na koma kan shafi na huɗu, wanda man kilishi ya cinye rabinsa. Akwai maganar kayar da abokin gaba ba tare da kisa ba, amma yadda ake yi ya ɓace cikin maiƙo. Sai na taka har ruga. Bayan doguwar gaisuwa na tambayi Uwaisu yadda suke kayar da bijimi in za su yi masa magani.

"Igiya a ƙafa, wani ya murɗa ƙaho. Ya kwanta, ka ɗaure. Wa zai kashe dukiyarsa?"

Nan na samu dokata. Kafin jifa, mutum ya ce "kamu". In ɓawo huɗu sun buɗe, ka kayar, wanda aka kama ya taso ya zauna kan tabarmarka har a tashi. Duk suka dawo.

Abin da ban lissafa ba shi ne, a garinmu wanda ya zauna kan tabarmarka baƙonka ne. Da dodona ya kama Sada, Hansai ta leƙo ta gan shi, ta aiko da ƙwaryar fura da nono.

Cikin mako biyu muka kai goma sha ɗaya. Jarumai kuwa sai suka lalace. Da dodo ya fito, Sada zai ce, "Ranka ya daɗe, ƙafata ta gurɗe." Armaya'u kuwa na gan shi yana kifa ɓawonsa da yatsa don kada ya ci.

Hansai ta kira ni bakin rumbu, ta nuna mini ciki.

"Malam, ko dodon nan ya koma kisa, ko mu ci ƙasa kafin damina."

Na fita da niyyar kashe su duka. Na tarar sun jeru, Uwaisu har ya zo da ƙwaryar nono daga ruga.

"Jinjiri, jiya ka bar mu a bakin kogo," ya ce. "Me ke ciki?"

Ba wanda ya taɓa tambayata me ke cikin wani abu. Na tattara ɓawona, na girgiza.

"Kamu," na ce.

Da gero ya ƙare, akuyata na kai kasuwar Batsari na sayar.