Muryar Dela a Rediyo

A damunar da katangar ɗaki ta faɗa wa Musaddiƙ, ɗanta tilo, Dela ba ta yi kuka gaban kowa ba sai ranar da ɗan jarida ya zo Gwiwa. Jalaluddeen sunansa, daga wani gidan rediyon al'umma a Kano, irin wanda ba ya talla, da gudummawar masu sauraro yake rayuwa. Ya durƙusa, ya yi gaisuwa, ya ajiye rikoda kan tabarma.

"Inna, faɗa mana yadda abin ya faru."

Ta ce, "Na yi ta kiransa ta ƙarƙashin ƙasar, ya amsa sau ɗaya." Daga nan murya ta tsinke, ta saki wani irin ihu da ita kanta ba ta san tana da shi ba.

Bayan girbi ta koma kasuwa da daddawarta. Tana cikin ba wata mata canji ta ji ihun nan ya fito daga rediyon mai shayi, sannan wata murya mai laushi ta biyo baya: ku tallafa mana, mu ci gaba da kawo muku muryar talaka. Makon neman gudummawa ne. Kafin la'asar an maimaita har yara sun haddace, suna kwaikwayonta a bayan rumfa.

Ta hau babur zuwa Kazaure, ta shiga motar Kano. Jalaluddeen ya tarbe ta da ruwan sanyi, ya zaunar da ita a wani ɗakin ɗaukar murya mai taushin bango.

"Ɗan nan, don Allah ku taimaka, ku cire muryar nan. Kullum sai ɗana ya sake mutuwa a kunnena."

"Inna, an gama," in ji shi, har da dafa ƙirji.

An kuwa cire ihun. Ranar kasuwar da ta zagayo sai ga muryarta kuma a rediyon, an datse gaba da baya: "Don Allah ku taimaka."

Saude mai garin kuka, maƙwabciyar rumfarta, ta dube ta sama da ƙasa. "Ashe bara kika je yi Kano da gawar yaron? Nawa suka ba ki?"

Dela ta buɗe baki, ta tuna inda magana ta kai ta, ta rufe. Ta naɗe tabarmarta da rana tsaka. Rumfar yanzu wani mai gyaran waya ne a ciki.