Lahadin Baba Lazarus

Wayar na ta ruri a kan tabarma, amma Baba Lazarus ya hana Inno ɗauka.

"Tsaya tukuna. Jingine ni da bango, ki sa min hula, ki rufe ƙafafun nan da zane."

Inno ta yi yadda ya ce. Ƙafafun sun kumbura har fatar na sheƙi. Kwana goma ke nan da ɗansa, Fasto Isaiah, ya tafi Jamus da matarsa Christy da yara, inda wata majami'a ta gayyace shi aikin wata uku a dogon hutun makaranta. Inno suka bar wa amanar tsohon, don katanga ɗaya ce tsakanin gidajensu a Kagarawal. Ranar da suka tafi, ɗan tari kawai yake yi.

Fuskar Christy ta cika wayar. Ta zagaya da su ɗaki ɗaki: akwatuna ba a gama kwancewa ba, ga murhun lantarkin da ya ƙona mata shinkafa har sau biyu.

"Wai nan lokacin zafi ne, Baba, amma jikarka Debby da rigar sanyi take yini. Garin tuwo kuwa sai da muka shiga jirgin ƙasa muka samo."

Isaiah ya leƙo ta bayanta. "Baba, yaya jikin?"

"Garau. Yanzun nan na ture kwanon tuwo."

Alhali tun jiya ko kunu bai wuce masa ba. Suna kashe wayar ya zame ya kwanta, yana jan numfashi da ƙyar.

"Baba, a gabana likita ya ce zuciyar ta gaji, a sanar da iyalinka," in ji Inno.

"Jibi Lahadi zai yi wa'azinsa na farko a can. In kika faɗa masa, da rabin hankali zai tsaya gaban mutane. Ki bari sai Litinin, 'yata. Ki yi min alkawari."

"In Litinin ɗin ba ta same ka ba fa?"

Ya juya fuska bango. Ta ce to, amma ba har zuciyarta ba.

A gida ta kasa cin abinci. Mijinta, Malam Iro, ya saurare ta har ta gama, sannan ya ce, "Da mahaifinki ne a Katsina yake kwance haka, za ki yafe wa wanda ya ɓoye miki?"

Ranar Asabar sau uku tana danna lambar Isaiah tana katsewa. Sai bayan azahar, a tsaye a zaure, hadari na haɗuwa daga gabas, ta bari ta shiga. Ta faɗi komai ba ta rage ba. Isaiah ya ce bari ya nemi jirgi, ya kashe wayar.

Da ya sake kira, ya ce, "Babu kujera a jirgi sai Talata, Inno. Don Allah gobe da ƙarfe tara na safe ki zauna kusa da shi."

Ta shiga ta durƙusa ta gaya wa tsohon abin da ta yi. Ya ɗago ido ya dube ta.

"Kin saɓa min." Can ya ƙara da cewa, "Farar rigata tana ƙasan akwati. A goge min ita."

Safiyar Lahadi Malam Iro ya taya Baba sa rigar, ya ga yadda idanunsa suka faɗa, ya hau babur ya tafi kiran Dattijo Ernest na cocin su Baba. Ƙarfe tara kira ya shigo daga Jamus. Christy ce ke riƙe da tata wayar a layin gaba na majami'ar. Inno ba ta taɓa jin yadda ake sujada a coci ba. Ta kara wayar a kunnen Baba, tana ta satar kallon ƙofa ko babur ya dawo.

Aka yi waƙa da yaren da ba su sani ba. Sai muryar Isaiah ta fito, tana rawa da farko, sannan ta daidaita. Yana magana wani na fassarawa. A tsakiya ya dakata, ya ce da Hausa, "Baba, ga ni na tsaya."

Leɓen tsohon ya motsa. Inno ta sunkuya ba ta ji komai ba. Ta ɗora tafinta a ƙirjinsa tana bin hawa da saukarsa, har ya hau ya sauka bai sake hawa ba.

Ta yi salati a ranta, ta shafe masa idanu. Isaiah bai gama ba, ita kuma ba ta san inda za ta sami bakin katse shi ba. Hannunta ya sage, ta canza zuwa na hagu, ta ci gaba da riƙe wayar a kunnensa. A tsakar gida yayyafi ya fara sauka a kan turmin da aka kife.