Tsutsar Tsamiyar Malam Ja'afaru

"Ta katangarku suka sauko, Hauwa. Da idona na gani, a jere, kamar an aiko su."

"To ni na aiko su ke nan? Fito fili ki faɗa, Asama'u."

"Ni ban kama suna ba. Amma ranar da suka sauko, ranar Malam ya kwanta."

Innata tana tsaye a kan kifaffen turmi, tana leƙe ta katanga. Shekara talatin ita da Gwaggo Asama'u suna miƙa wa juna wuta da gishiri ta wannan wuri. Yau zancen jifa ake yi. A Kwarbai kuwa, in magana irin wannan ta fita ƙofar gida, ba ta komowa.

Lokacin na gama sakandare, wata biyar ina jiran takardar aiki daga En'e, hukumar gargajiya. Ba ni da abin yi sai kwanciya a zaure.

"Ɗanjuma!" Inna ta kira ni. "Tashi ka je ka duba. Karatun da ka yi ya yi rana."

Na shiga gidan Gwaggo Asama'u. Gidan da na yi rarrafe ne, ba a yi mini shamaki. A bayan ɗaki akwai garka: kuɓewa, yakuwa, lalle, sai tsamiya guda a kusurwa. A reshenta na ga abin. Wata jaka ce ruwan ƙasa, ta kai girman ludayi, tsutsotsi masu gashi suna ta kai da komo a kanta. Gwaggo na bayana da bakin wuta a hannu.

"Mene ne sunansu a boko?"

Na duba, na sake dubawa. Littafinmu akwai zuma, akwai sauro, akwai fara. Babu wannan.

"Ban sani ba, Gwaggo."

"Ka ji ko? Abin da ko Bature bai sani ba."

Daga ɗaki aka yi tari. "Wace wuta nake jin ƙaurinta?"

Malam Ja'afaru, mijin Gwaggo, maɗinkin riga ne. Aska takwas ɗinsa har Kano ake zuwa nema, kafin ido ya tafi. Yanzu yana kwance a gadon kara, ƙafafu sun kumbura, kwana tara ko kunu ba ya zama.

"Kawo mini abin nan," in ji shi.

"Malam, kada ka taɓa!"

"Asama'u, me ya rage da zai ci a jikina?"

Na yanko gefen jakar da aska, na kakkaɓe, na sa masa a tafin hannu. Ya daɗe yana murzawa. Ya tsinko sili ɗaya, ya kai baki ya jiƙa, ya ja shi tsakanin yatsu biyu kamar zai zura a allura. Sai ya yi dariya, tarin ya sarƙe shi.

"Zaren tsamiya ne."

"Wane zare kuma?"

"Wanda na ci da ku da shi. Shekara arba'in ina saye a kasuwa, dafaffe, kaɗaɗɗe. Ana ce mini tsutsa ke yi a daji. Ban taɓa ganinta ba." Ya juyo wajena. "Yaya kamarta?"

Na faɗa masa. Baƙi-baƙi, da farin gashi, tsawon ɗan yatsa.

"Mummuna?"

"Mummuna ce, Baba."

"Haka masu aiki suke." Ya numfasa. "Kashe wutar nan. A bar su su gama. Ki kuma je ki ba Hauwa haƙuri."

Ta kashe wutar. Haƙurin ne ba ta bayar ba.

Ranar Laraba da hantsi Malam ya cika. Muka kai shi bayan ganuwa ta Ƙofar Doka, muka dawo da jar laka a ƙafa. Inna ta shiga gaisuwa, ta zauna a bakin ƙofa cikin baƙi, ita da ta saba zama kan gado.

Bayan sadakar arba'in, ina alwalar la'asar a tsakar gida, sai na ji an yi sallama ta katanga. Gwaggo Asama'u ce, da mayafin takaba. Ta ɗora jakar a kan katanga. Jakar ta bushe, duk ƙananan huji, masu ita sun yi fiffike sun tafi.

"Hauwa." Ta tura jakar wajen Inna. "Hannunki ya fi nawa a kaɗi. Da toka ake dafa zaren, in ji Malam."

Inna ta share hannu a zane, ta karɓa. Ba nauyi. Ta jujjuya ta, ta tsinko sili ɗaya ta ɗaga, yana rawa a iska.

"To in na kaɗa, Asama'u, wa za mu kai wa?"