Askin Tidda

Tun da taron manya ya yanke cewa malaman coci su koma askin Ruma, Bishop Aldmod ya miƙa kansa ba gardama. Aka kwashe masa tsakar ka, aka bar gashi ya zagaye kamar bakin tukunya. Kowa a gidan ibadar ya bi sahu, ban da tsoho Tidda, wanda ya koya masa karatu, ya kuma yi masa askin farko irin na da, goshi fes daga kunne zuwa kunne.

Sarki ya aiko cewa ko tsohon ya sake aski, ko ya bar ƙasar, in ba haka ba kujerar bishop ta koma hannun wani. Aldmod kuwa, a faɗi gaskiya, yana son kujerar nan. Ran Lahadi ya tashi gaban jama'a ya ce tsohon aski na matsafa ne. Bakinsa ya faɗa, idonsa na ƙasa, don Tidda na zaune a sahun gaba.

Da safen da tsohon zai bar ƙasar, Aldmod ya bi shi bakin teku da gurasar sha'ir da busasshen kifi, kunya ta hana shi yin sallama. Tsohon ba ya gani sosai, amma ya san takunsa.

"Ranka ya daɗe, ka zo raka matsafi?"

"Baba, don Allah ka bari. Aska ɗaya ce fa, ka zauna a gidanka."

"A waɗannan shekarun? Da wannan kan aka san ni a sama, kar in je a ce ba a gane ni ba. Sunkuyo in ji abin da suka yi maka."

Bishop guda ya sunkuya gaban masu kwalekwale. Ya so a zage shi, da ya samu sauƙi. Yatsun tsohon suka bi tsakar kan a hankali, suka tsaya a kan wani ɓawon ciwo.

"Kai! Wane mugun ne ya yanke ka haka? Ba su san kana zabura ba in ƙarfe ya taɓa ka?"

Ya laluba jaka ya ciro askarsa, ya danƙa masa.

"Ka ce su riƙa ɗumama ta tukuna, ɗana. Ni haka nake yi maka."